Kibiya biyu da dunƙulen zare ɗaya sun ishe ki farawa

Tambaya: Ina son in koyi saƙa da kibiya. Na ga ana sayar da akwati guda mai kibiyoyi iri-iri, har da masu igiya a tsakani. In saye shi ne, ko me za ki ba ni shawara?

'Yar'uwa, ki riƙe kuɗinki tukuna. Yawancin abin da ke cikin akwatin nan sai ki yi wata shida ba ki taɓa shi ba. Ki nemi miƙaƙƙun kibiyoyi guda biyu masu kaurin milimita 5, ko abin da ke tsakanin 4.5 da 5.5, tsawonsu kamar santimita 25. Dogwaye suna tokare gwiwar hannu, su gajiyar da mai koyo. In kin samu na gora ko na katako, su za ki ɗauka. Na ƙarfe suna da santsi, kina juyowa ki amsa sallama sai ki tarar idanun saƙa uku, wato madaukan zaren da ke kan kibiya, sun zame. Gora tana ɗan riƙe zare, ta ba yatsunki lokacin su gane abin da suke yi.

Zaren ya fi kibiyar muhimmanci, kuma a nan na fi ganin ana kuskure. Ki sayi mai matsakaicin kauri, mai sulɓi, mai launi ɗaya mai haske, kamar ruwan madara ko shuɗi mai haske. Baƙi da mai gashi-gashi suna da kyau a ido, amma suna ɓoye idanun saƙa, ki rasa inda za ki soka kibiya, ki ɗauka ke ce ba ki iya ba. Wannan yana sosa mini rai, don mutane da yawa a nan suke ajiye saƙa. Zaren akirilik ko ulu ya fi auduga sauƙi, saboda auduga ba ta miƙewa, hannu kan yi tsami da wuri. Ki duba takardar da ke jikin dunƙulen, akwai kaurin kibiyar da ya dace da shi a rubuce. Dunƙulen giram 100 ya isa.

Ki ɗora ido 20, ki riƙa saƙar gaba kawai, wato wadda zare ke zama a bayan kibiya, a kowane layi. Ki ƙirga idanun duk ƙarshen layi. In sun zama 22, kin naɗo zare a kan kibiya ba ki sani ba, ko kin tsaga zaren gida biyu. Ki warware ki sake.

Tambaya: Na saƙa mayafin wuya, layi ɗaya saƙar gaba, layi ɗaya saƙar baya, wadda zare ke zama a gaban kibiya, sai gefensa ke naɗewa. Zaren ne ba shi da kyau?

Malama, zarenki lafiya lau. Wannan salon haka halinsa yake, ko da wane zare aka yi shi. Ki bar ido 4 ko 5 a kowane gefe kina yi musu saƙar gaba zalla, zai kwanta.

Tambaya: Zarena ya ƙare ana tsakiyar rigar jariri, wanda na ƙaro kuma launinsa ya ɗan bambanta.

Kowane rukunin rini yana da lambarsa a jikin takardar, ita ake dubawa bayan lambar launi. Gaba ki sayi duk abin da aikin zai ci lokaci guda. Wannan kuwa, in akwai ragowar tsohon, ki riƙa saƙa layi biyu da shi, layi biyu da sabon, na ɗan taƙi, bambancin zai saje.