Ku Tambayi Anti: Ɗaki Mai Araha da Danshi, ko Busasshen Gida Mai Cinye Albashi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu, babban shekararsa 11, autan kuma 2. Mu shida muke kwana a ɗaki ɗaya na haya. Ɗakin yana da araha, kuma maigidana a ƙafa yake zuwa aiki. Sai dai bangon bayan gado kullum a jiƙe yake, har ya yi baƙin fumfuna, tagar kuma ɗaya ce, ita ma ba ta buɗuwa sosai. Ɗana na uku tari ba ya barinsa barci, ƙirjinsa har fito yake yi da dare, a asibiti an ce asma ce. Yanzu mun samu ɗaki biyu busassu a bayan gari, amma hayar za ta ci kusan rabin albashi, ga kuɗin mota kullum. Maigidana ya ce mu yi haƙuri mu zauna, ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya. Don Allah wanne ya fi? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba yaron lafiya. Tun farko zan faɗa miki ra'ayina: kada ku ci gaba da kwana a wannan ɗakin yadda yake, kada kuma ku yi gaggawar kama wancan. Ke da maigidanki kowa ya hango gaskiya, sai dai kowa gefe guda ya hango.

Bari in fara da bangon, don shi ya fi tayar mini da hankali. A aikina na jinyar yara na sha ganin uwa ta kawo ɗa yana haki, a ba shi magani ya samu sauƙi, bayan mako biyu ta dawo da shi. Idan na tambaye ta inda yake kwana, sai labarin ya fito kamar naki. Fumfuna tana sakin ƙananan ƙwayoyi cikin iska waɗanda ido ba ya gani, yaro ya kwana yana shaƙarsu, hanyoyin numfashinsa su kumbura su tsuke. Huhun yaro bai gama ƙwari ba, kuma ya fi babba saurin numfashi, shi ya sa abin ke fara bayyana a kansa. A garin Rochdale na Ingila, wani yaro ɗan shekara 2 mai suna Awaab Ishak ya rasu a watan Disamban 2020, binciken da aka kammala a 2022 ya tabbatar cewa fumfunar gidan hayarsu ce ta kashe shi, bayan mahaifinsa ya daɗe yana kai kuka. Har doka aka yi da sunansa don tilasta wa hukumomin da ke ba da gidajen haya gyara danshi cikin wa'adi. Ba don in tsoratar da ke na kawo wannan ba. So nake idan wani ya ce miki ai baƙin bango ba komai ba ne, ki san abin da za ki ce masa.

Sai yawanku. Hukumar kula da matsugunai ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana ɗaukar ɗakin da mutum fiye da uku ke kwana a matsayin cunkoso, ku kuwa shida ne. Tarin fuka, ƙyanda, sanƙarau da mura duk ta numfashi suke bi, kuma ɗakin da iska ba ta ratsawa shi ne wurin da suka fi so. Shi ya sa a ƙa'idojin gidaje da lafiya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018, rage cunkoso na cikin abubuwan da ta fi ƙarfafawa. Akwai kuma abin da ba a cika ƙirgawa ba: babbanki ɗan shekara 11 ina yake karatu da dare? Idan mai asma ya tashi da tari, mutum shida ne suka rasa barci, gobe biyu ko uku za su yi gyangyaɗi a aji, uban kuma ya tafi aiki a gajiye.

To amma maigidanki ba rowa yake yi ba. A Amurka, ma'aunin da hukuma ke amfani da shi shi ne gidan da ke kashe fiye da kashi 30 cikin 100 na samunsa a kan muhalli ya shiga matsi, wanda ya haura kashi 50 kuwa yana cikin matsananci. Ku da rabin albashi za ku fara, kafin a sa kuɗin mota. Na san inda ake rage kuɗi idan haya ta yi nauyi: ana ragewa ne daga tukunya, daga maganin yaro, daga kuɗin makaranta. Uwa ta fara jinkirta zuwa asibiti har sai ciwo ya yi tsanani. Uba ya kwana yana lissafi, jininsa ya hau. Idan wata biyu suka wuce ba a biya ba, a ba ku takardar tashi, yara su canza makaranta a tsakiyar zango, kuma sau da yawa a ƙare a ɗakin da bai kai na farko ba. Gidan da ba za ku iya riƙewa shekara biyu ba, ban ga amfanin shigarsa ba.

Ga abin da zan yi da ni ce ke. Yau ɗin nan a janye gado daga bangon, mai asma ya koma kwana kusa da taga. A gano inda ruwan ke fitowa, ko rufi ke yoyo, ko famfon maƙwabta ya fashe, ko ƙasa ce ke tsotso shi, domin goge fumfuna ba tare da tsayar da ruwan ba aikin banza ne, za ta dawo. Idan za a goge, yaron ya bar ɗakin, mai gogewar ya rufe hanci. A gyara tagar ta riƙa buɗuwa, a sa mata raga. Kada a shanya wanki a ciki, kada a yi girki da gawayi ko itace a ciki. Hayaƙin girki a cikin gida yana kashe kimanin mutum miliyan 3 a duniya kowace shekara. Ku je wa mai gidan hayar da hoton bangon da takardar asibiti, ku nemi ya gyara ko ya yarda ku gyara a cire daga haya, kuma a rubuta.

Kada ki raina ƙaramin gyara. A jihar Coahuila ta Meksiko, gwamnati ta fara zuba daɓen siminti a gidaje masu daɓen ƙasa a shekarar 2000. Da aka bincika, gudawa a tsakanin ƙananan yara ta ragu da kusan rabi, tsutsar ciki da ƙarancin jini sun ragu da wajen kashi 80 cikin 100, iyaye mata ma damuwarsu ta ragu. Daɓe kawai aka sauya.

Idan mai gidan ya ƙi, ku tashi, amma ku nemi wuri na uku. Ko ɗaki ɗaya ne, in dai babba ne, busasshe, mai taga biyu da ke kallon juna, kuma haya da kuɗin mota a haɗe ba su wuce kashi ɗaya cikin uku na samunku da yawa ba, ya fi duka biyun da kika lissafa. Ku je dubawa bayan an yi ruwa, ku shafa bango da hannu, ku shinshina, ku lura ko an shafa sabon fenti a gefe ɗaya kawai. Maganin yaron kuma kada a tsayar, ko da ya samu sauƙi, sai likita ya ce.

TAMBAYA: Anti, ina shirin aure. Abokaina sun ce in guji tsakiyar birni don yawan jama'a shi ke kawo cuta. Haka ne? Daga wani matashi.

AMSA: Ɗana, Allah ya sanya alheri. Yawan gidaje a unguwa daban, yawan mutane a ɗaki daban. A Singafo, ƙasar da mafi yawan jama'arta ke zaune a dogayen benaye, korona a 2020 ta fi kama baƙin ma'aikata ne da ke kwana su goma sha wani abu a ɗaki ɗaya, ba mazauna benayen ba. Unguwa mai jama'a ita ce ake samun aiki, makaranta, asibiti da motar haya a kusa, kuma jawo mata ruwa ya fi sauƙi fiye da gidajen da suka warwatsu. Haɗarin yana zuwa ne idan jama'a suka taru babu tsabtataccen ruwa, babu magudana. Kwalarar da ta yi ɓarna a wata unguwar Landan a 1854, likita John Snow ya bi sawunta har zuwa famfo guda da kashin masai ya gurɓata. Don haka kafin ka biya, tambayi inda ruwan sha yake fitowa, gida nawa ke amfani da banɗaki ɗaya, ina ruwan kwata yake bi idan an yi ruwan sama, sannan awa nawa za ka riƙa ɓatawa a hanya kullum kana barin amarya ita kaɗai.