Hoton yarana kullum dishi-dishi yake fitowa

Tambaya: Salam Anti, daga wani ƙauye kusa da Ringim nake. Maigidana yana Legas, kullum sai yace a turo mai hoton yara, amma in na ɗauka duhu ne ko dishi-dishi. Ƙaramar watanta 7, yayanta kuma baya zama waje ɗaya. Wayar ce ko ni?

Amsa: Wa'alaikissalam ƴar uwa. Yawanci ba waya bace, haske ne. Cikin ɗaki kyamara tana jinkiri kafin ta tara haske, yaro na motsawa hoton ya lalace. Ki fito dasu bakin ƙofa ko inuwar darbejiya da hantsi ko bayan la'asar, hasken ya zo ta bayanki, ki kashe filashi. Ki goge gilashin kyamarar da gefen mayafi tukunna, balle lokacin hunturu da ƙura, wallahi wannan kaɗai yana gyara abubuwa da yawa.

Sannan ki durƙusa daidai idonsu, ki taɓa fuskar yaron a sikirin don ta fito tas, banda zuƙowa, matsowa zakiyi. Jaririyar ki bari ta ƙoshi ta tashi barci. Shi kuma yayan kar kice ya tsaya, barshi da wasansa ki ɗauki goma ki zaɓi ɗaya. A WhatsApp ki tura a matsayin dokumen, wato ki zaɓi "Document" wajen haɗa hoton, baya rage kyau amma yafi cin data.