Tambaya da Amsa: Hanyar da Baƙin Mai Zai Bi Ya Sauko Daga Turbo

Tambaya: Na sauya wa motata inji, na sa mai turbo (na'urar da hayaƙin inji ke juyawa don ta cusa wa inji ƙarin iska). Tiyon da ke mayar da baƙin mai daga turbo zuwa kaskon inji ya ci karo da sandar sitiyari. Bakanike ya ce a ɗaga shi ya haye sandar, sannan ya sauko ta baya. In yarda?

Amsa: Kada ka yarda, Malam. Man da ke shiga turbo famfon inji ne ke turo shi da ƙarfi, amma wanda ke fita babu mai tura shi, nauyinsa kaɗai ke saukar da shi. Kuma sandar turbo tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, tana kaɗa man har ya fito da kumfa, kumfa kuwa sai da fili take wucewa. Shi ya sa tiyon shiga siriri ne, na fita mai kauri. Wanda aka saba sawa shi ne mai lambar girma -10AN, wato faɗinsa kusan milimita 16, kuma kada cikinsa ya gaza ramin da ke jikin turbo faɗi. Kamfanin Garrett mai ƙera turbo ya ce bakin fitar man ya kalli ƙasa, karkatarsa kada ta wuce digiri 35, ita kuma sandar turbo kada ta kauce wa shimfiɗar ƙasa da fiye da digiri 15. Tiyon ya yi ta gangara tun daga turbo har kasko, ba hawa, ba lotsawa, ba doguwar kwanciya. In sitiyari ya tare hanya, a sassauta tsakiyar turbo a ɗan juya ta, ko a sa ɗan gajeren bututun ƙarfe mai lanƙwasar digiri 45, ko a sauya inda za a shiga kasko.

Tambaya: Ni ɗaliba ce, abin da na daɗe ina tarawa na zuba a sauyin inji. Kwana biyu da karɓo motar sai shuɗin hayaƙi ta salansa. An ce turbo ya mutu, in sayi sabo. Wallahi ko barci ba na iyawa.

Amsa: Kwantar da hankalinki, ƙanwata, kada ki fitar da ko sisi tukuna. Abin da ke tsare mai a cikin turbo ɗan zoben ƙarfe ne irin na fistin, aikinsa na asali hana iska da hayaƙi shiga, ba a yi shi don ya nutse cikin mai ba. Da zarar man ya rasa hanyar sauka ya taru, zai tsallake zoben ya faɗa salansa ya ƙone, ko da turbo lafiyarsa ƙalau. Ki sa a ɗaga motar a gabanki, ki bi tiyon da ido daga sama har ƙasa: akwai inda ya nannaɗe ko ya matse? Sannan a duba inda ya shiga kasko. In ramin yana ƙasa da inda mai ke tsayawa, bakin tiyon a nutse yake, man ba zai sauka da sauri ba. A duba geji ko an cika mai ya wuce alama. A duba hanyar numfashin inji, domin in ta toshe iska na taruwa a kasko ta tokare man da ke saukowa. Sai an gama da waɗannan za a taɓa sandar turbo a ji ko tana girgiɗi har fuka-fukanta na gogar bango. Ko bayan gyara hayaƙin zai ɗan ci gaba kafin man da ya kwanta a salansa ya ƙone, kada wannan ya tayar miki da hankali.

Tambaya: Ina da ragowar tiyon lagireto mai kaurin da ake so. Me zai sa in sayi wani?

Amsa: Wannan tambaya ta fi kowace zuwa mini, kuma ita ta fi ɓata mini rai. Mutum ya sayi inji, ya sayi turbo, ya biya kuɗin aiki, sai a kan tiyon da bai kai kamu biyu ba tsimi ya motsa. Tiyon ruwa da robar EPDM ake yin sa, tana jure ruwan zafi amma ba ta shiri da mai. Takan kumbura ta yi laushi, cikinta ya saɓule ya rufe hanya, alhali daga waje ba ka ganin komai. Ka matsa irin wannan tiyo bayan 'yan watanni, za ka ji ya yi taɓo-taɓo, yatsunka su fito baƙi ƙirin. Tiyon silikon mai launi da sheƙi shi ma bai tsira ba, in ba a yi masa rufin ciki na musamman ba mai yakan tsatso ta jikinsa.

Abin da ya fi wannan muni shi ne jabu. Za a miƙo maka tiyo mai saƙar waya a waje yana walƙiya, a ce na turbo ne, cikinsa kuwa robar banza. Saƙar ba ita ke riƙe mai ba. Ka leƙa bakinsa: na gaskiya, wanda aka yi da PTFE (wani irin filastik mai jure mai da zafi), cikinsa santsi ne, mai tauri, ba ya lotsawa da farce. In na roba za ka saya, ka nemi wanda aka buga a jikinsa cewa na mai ne, da iyakar zafin da yake ɗauka. Tiyon da babu rubutu a jikinsa ka bar wa mai shi. Haka kawunan haɗi: na jabu ramin cikinsu ƙarami ne, sai ka ga an sa tiyo mai kauri amma a maƙogwaro an shaƙe shi. Ka auna ramin kafin ka biya.

Ka kuma tuna inda tiyon nan yake zaune. Gefen hayaƙin turbo a injin fetur yana iya kaiwa digiri 900 a ma'aunin Selsiyos. Tiyo ya fashe a wurin, mai ya zuba kan jan ƙarfe, maganar gobara ake yi, da mutane a cikin mota. Ka nisanta shi daga salansa, ka sa masa rigar kare zafi, ka bar masa ɗan sassauci domin inji yana motsi a kan mazauninsa. A fuskar haɗi kuma a sa gasket, a daina lafta gam, domin rarar da ta matso ciki ita ce ke cinye rabin ramin.

Tambaya: Ba za a iya huda kaskon yana jikin inji ba, a huta da kwancewa?

Amsa: Garin ƙarfen da zai zuba ciki fa, wa zai kwashe? A kwance kasko, a huda can sama da inda mai ke tsayawa, a yi waldar bakin haɗi, a wanke tas. A kuma leƙa ciki a tabbatar ramin bai fuskanci wani ƙarfe da zai tare shi ba, bai kuma faɗa inda karanshaf, sandar da fistin ke juyawa a ƙasan inji, ke watso mai ba.

Tambaya: In sa mai mai kauri hayaƙin zai tsaya?

Amsa: Man da ya kasa sauka yana tsinke, ta yaya zai sauka in ya yi kauri? Ka gyara tiyonka.

Tambaya: Wurin da ya rage mini a motar ya sa turbo ya zauna ƙasa da kasko. Akwai dabara?

Amsa: Akwai, ɗan famfon lantarki da aka yi don zuƙe mai mai zafi ya mayar da shi inji. Amma ka sani duk ranar da famfon ya tsaya ko fis ɗinsa ya ƙone, hayaƙi zai turnuƙe nan take. In akwai halin ƙera wa turbo mazauni a sama, can ya fi dacewa kuɗinka ya tafi.