Kwamfuta ta ƙi tashi, sunayen fayiloli kuma da Larabci da Hausa ne: yadda za a fito da su

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Malam, na saurari tambayarka: laftof ɗinka ta ƙi shiga Windows, a ciki akwai darussa da takardun makaranta, wasu sunayensu da Larabci, wasu da Hausa mai ƙugiya. An kwafo maka kaɗan a shago, da ka buɗe filash sai ka ga sunayen sun koma alamar tambaya. To, ka kwantar da hankalinka ka saurara, don akwai alamar cewa aikinka na nan lafiya.

Windows tana ajiye fayiloli a tsarin da ake kira NTFS, kuma shi NTFS yana rubuta kowane suna da Unicode, jadawalin haruffa na harsunan duniya, wanda ya ɗauki Larabci da ƙ da ɗ da ɓ duka. Saboda haka sunan da ke kan diskinka daidai yake. A hanyar kwafowa ne ya lalace, wato kayan aikin da aka yi amfani da shi ne bai san haruffan ba. Ita ƙ ɗinmu ba ta ma cikin tsohon jadawalin haruffan Turawa na Windows-1252, shi ya sa duk tsohuwar manhajar da ta dogara da shi in ta gamu da ita sai ta sa alamar tambaya a gurbinta.

Kafin komai, kada ka yarda a yi wa na'urar fomatin, kada a sake ɗora Windows. Kuma don Allah kada a kunna chkdsk, manhajar Windows mai duba diski da gyara shi, a kanta tukuna. Mutane na ganin gyara ne, amma in jadawalin sunaye ya taɓu, chkdsk na iya tattara fayilolin ya zuba su a wata folda FOUND.000 da sunaye irin FILE0000.CHK. Ka ga abin da muke ƙoƙarin karewa shi ne ya tafi.

Na biyu, ka saurari na'urar. In diski ne mai juyawa kuma kana jin yana ƙas-ƙas, ka kashe nan take, wannan aikin masu ƙwarewar ceto bayanai ne, kowace kunnawa ƙara ɓarna take yi. In shiru yake, mu ci gaba.

Sai maganar BitLocker, wato makullin diski na Windows, kuma wannan ka bincika tun yau. Yawancin sababbin laftof masu Windows 11 suna zuwa diskinsu a kulle, mai su bai ma sani ba. Mabuɗin lambobi 48 ne. Ka shiga asusunka na Microsoft ta waya, ka nemi wajen mabuɗin ceto na BitLocker, ka rubuta shi a takarda. In na'urar ofis ce, mabuɗin na iya kasancewa wajen masu kula da kwamfutocin ofis ɗin. In diskin a kulle yake ba mabuɗi, babu mai gyaran da zai buɗe maka shi, kada kowa ya karɓi kuɗinka a kan haka.

Hanya mafi sauƙi, in diskin yana ciruwa, ita ce a ciro shi a jona a wata kwamfuta mai Windows 10 ko 11. Windows zuwa Windows ba ruwan suna da canjawa. Diski mai inci 2.5 na laftof wayar SATA zuwa USB ta ishe shi, daga USB ɗin yake shan wuta. Babban nan mai inci 3.5 na kwamfutar tebur sai da adafta mai ba da wuta bolt 12, in ba haka ba ko juyawa ba zai yi ba. In kuma ɗan siririn nan ne M.2, ka duba jikinsa ka ga NVMe ne ko SATA kafin ka sayi gidansa, don kamanninsu ɗaya amma gidan wannan ba lallai ya karanta wancan ba. Da ka jona, in ta ce sai an yi fomatin kafin a yi amfani da shi, ka danna a'a. In ta ce ba ka da izinin shiga foldar Users, wannan ba matsala ba ce, ka ba ta izinin mai kula ta ci gaba.

To amma wasu ƙananan laftof ma'ajiyarsu a like take da allon uwa, ba ta ciruwa. A nan sai a tayar da na'urar daga filash. Ka samu filash mai giga 8 ko fiye wanda ba komai a ciki, ka sauko da Ubuntu ko Linux Mint, waɗanda nau'o'in Linux ne da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, a wata kwamfutar, ka ɗora a filash ɗin da manhajar Rufus ko Ventoy. Ka jona, ka kunna, ka riƙa danna maɓallin zaɓen tashi: HP F9, Dell da Lenovo F12. In ta tashi ka zaɓi gwaji kawai, in Ubuntu ce a kan allo za ka ga Try Ubuntu. Kada hannunka ya je kan Install, wannan na iya share diski. Ka buɗe manhajar fayiloli, diskin Windows zai bayyana a gefe, sunayen Larabci da Hausa za su fito yadda ka rubuta su. Wani lokaci zai buɗe a yanayin karatu kaɗai saboda Windows ba ta kashe gaba ɗaya ba, barci ta yi. Ka bar shi haka, mu ma abin da muke so ke nan, karantawa muke ba rubutawa ba. In kuma Linux bai ga diskin ba kwata-kwata, sau da yawa saitin Intel RST ne a BIOS, wato saitunan da ke cikin na'urar tun kafin Windows ta tashi. Kada ka taɓa wannan saitin sai mabuɗin BitLocker na hannunka.

Yanzu inda mutane ke faɗawa: wajen da za a zuba fayilolin. Ka yi amfani da diskin waje mai NTFS ko exFAT. Tsohon tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai giga 4, bidiyon karatu mai tsawo zai tsaya a hanya. Sannan in aka haɗa FAT32 da hannu a Linux ba a sa masa zaɓin utf8 ba, sunayen na iya fita a hargitse. Akwai wani tarko kuma da ya shafi masu Larabci musamman. NTFS yana yarda suna ya kai haruffa 255, amma tsarin Linux na ext4 bayit 255 yake ƙirgawa, kuma kowane harafin Larabci bayit 2 ne, kowane wasali ma bayit 2 ne. Ke nan suna mai haruffa 130 na Larabci zalla ya riga ya wuce iyaka. Masu sa cikakken sunan littafi da na mawallafi da lambar darasi a suna ɗaya, ku kula. In kana zubawa a diski mai ext4 ka ga kwamfutar ta ce suna ya yi tsawo, ga dalilin.

Kada ka fara da kwafar komai. Ka ɗauki folda ɗaya mai fayil goma, wadda ke da Larabci da ƙ da ɗ, ka kwafa, ka cire diskin yadda ya kamata, ka kai wata kwamfuta mai Windows ka duba. In sunayen sun fito daidai, sai ka kwashe sauran. Minti biyar ne, amma zai hana ka kwana kana kwafar abin da ba za ka gane ba.

In ka ga suna ya lalace, ka lura da irin lalacewar, don ba ɗaya ba ne. In akwatuna ne ƴan murabba'i, sunan lafiya lau, kwamfutar ce ba ta da salon rubutun da zai nuna shi. In ka ga ƙasa ta koma Æ™asa, ko ɗ ta koma É da ɗan layi, to bayanin na nan, an karanta shi ne da jadawalin da ba nasa ba, kuma akwai manhajar convmv a Linux da ke gyara irin wannan, tana fara nuna maka abin da za ta yi kafin ta taɓa komai. Amma in alamar tambaya ce ko ɗan layin ƙasa aka rubuta a cikin sunan kansa, harafin ya tafi daga wannan kwafin, ba manhajar da za ta dawo da shi. Malam, irin naka ke nan. Ka ajiye wancan filash ɗin, a sake kwafowa daga tushe.

Wanda ya fi son zama a Windows, zai iya tayar da na'urar da filash ɗin girka Windows, ya zaɓi gyara, ya buɗe baƙin allon umarni. A can haruffan diski suna canjawa, C ɗinka na iya zama D. Umarnin kwafa shi ne robocopy D:\Users E:\ajiya /E /XJ /R:1 /W:1, in E ne harafin diskin waje. Wannan /R:1 ɗin kada a manta da shi, don in ba a sa ba robocopy zai yi ta gwada fayil ɗaya mai matsala har sau miliyan. Ko da allon ya nuna alamar tambaya yayin aiki, robocopy da Unicode yake kwafa, allon ne kawai ya kasa nunawa.

Kuma kada a dunƙule su a zip da tsohuwar manhaja don a turo maka, nan ma sunaye na mutuwa. In dole ne, a yi da 7-Zip a tsarin 7z.

In kwafar tana tsayawa, ko kurakurai na fitowa, diskin ne ke gajiya. Ka daina ja da hannu, a ɗauki hoton diskin gaba ɗaya da manhajar ddrescue, wato a yi cikakken kwafinsa, zuwa wani diski da ya kai girmansa ko ya fi, a yi aiki a kan hoton. In ɓangaren Windows ɗin ne ya ɓace, akwai manhajojin ceto bayanai biyu, TestDisk da PhotoRec: a fara da TestDisk, shi yana fito da fayiloli da sunayensu da foldodinsu. PhotoRec a bar shi ya zama na ƙarshe, domin shi abin da ke ciki kawai yake tsintowa, ya ba su lambobi irin f0012345, sai ka buɗe ɗaya bayan ɗaya ka gane wane ne wane.

Malam, ka turo mana hoton bayan laftof ɗin inda aka rubuta samfurinta, da hoton abin da allon ke nunawa in ka kunna, sai mu gaya maka ko diskin na ciruwa da irin gidan da za ka saya. Wassalamu alaikum.