Farin da ya fito a idon Baba: yana ce ko hakiya?

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Mahaifina manomi ne. Kwana goma ke nan ƙaiƙayin gero ya faɗa masa a ido wajen sussuka. Idon ya yi ja, yana zubar da hawaye, ba ya son haske, yanzu kuma wani fari ya fito a kan baƙin idon. Dattawa sun ce yana ce, mu bari ta nuna sai a kai shi wankin ido. Muna ɗiga masa maganin da aka ba mu a kemis. Na lura a ƙauyenmu masu irin wannan farin suna da yawa. Gado ne? Hankalina ya tashi.

AMSA: Malam, kafin komai, ku daina ɗiga wannan maganin, ku kai Baba wurin likitan ido yau, kada a ce gobe. Abin da ka bayyana ya fi kama da gyambo a tantanin gaban ido, irin wanda idan ya warke yake barin hakiya.

Masu hakiya suna da yawa a karkara, ba idonka ne ya ruɗe ka ba. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna kashi 4.2 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma a Arewa maso Gabas abin ya kai 6.1. Yanar ido ce kan gaba da kashi 43 na makantar, amma tabon gaban ido yana cikin manyan da ke biye, kuma ya fi aukuwa inda ake noma kuma asibiti ya yi nisa. Mafi yawansa ba gado ba ne. Raunin kaka ne, kara ko ƙaiƙayi ko ƙaya. Ko ƙyanda ce ta kama yaro ga ƙarancin bitamin A. Ko amosanin ido, wanda ke juya gashin ido ciki ya riƙa gogar tantanin. Shi ya sa za ka ga tsohuwa da matsefata rataye a wuya tana tsige gashin, ya sake tsirowa ya fi na da kaifi.

To, zancen “a bari ta nuna” shi ne ke ci mini rai, domin kullum sai na ji shi. Yana a can ciki take, bayan ɗigon baƙin tsakiya. A hankali take zuwa, ba ciwo, ba ja, ba hawaye. Ita ce ake yi wa aikin da kuke kira wanki, mutum ya gani garau, kuma ko ita ma yanzu ba a jiran ta nuna. Farin da ya fito a waje, cikin kwanaki, bayan rauni, da zafi da gudun haske, ƙwayar cuta ce ke cin naman ido. Duk kwanan da aka jira, ramin ƙara zurfi yake. Wani sai an kawo shi idon ya riga ya huje, abin da ya rage mana shi ne mu cire shi don mutum ya samu barci. Wanda ya tsira kuwa sai ya zauna shekara yana jiran masu aikin ido kyauta, su zo su duba su ce wannan ba yana ba ce, ya koma gida yana cewa an yi son kai.

Lokacin jiran nan ne ake ƙarasa ɓarnar. A ɗiga nonon mai jego, a ɗiga ruwan sukari, a matse ganye, a shafa tozali, har fitsari na ga an sa. Kowanne ƙarin datti ne a kan buɗaɗɗen rauni. Mafi muni shi ne maganin ɗigawa mai sitiroyid, irin su dexamethasone da betamethasone, da mai kemis ke miƙowa duk wanda ya ce idonsa ya yi ja. Jan zai ragu, zafin ya lafa, a yi ta sa wa mai shago albarka. Alhali garkuwar idon aka kwantar. Raunin da tsiro ya yi sau da yawa fangas ne, wato ƙwayar cuta dangin funfuna, ke shiga cikinsa, shi kuwa fangas ba abin da ke sa shi bunƙasa kamar sitiroyid. Mutumin da bai taɓa leƙa ido da na'ura ba, da wane ilimi yake ba da wannan magani? Ya ji tsoron Allah, idon bawan Allah ne a hannunsa.

Idan tabo ya riga ya zauna a tsakiya, babu ɗigon da zai goge shi. Sai dashen tantani, wanda ake samu daga mamacin da ya ba da kyauta, kuma samunsa a ƙasar nan da wuya, ga tsada, ga zirga-zirgar asibiti bayan aiki.

Ku tafi da kwalbar maganin a hannu don likita ya karanta abin da ke ciki. Kada a murza idon, kada a ɗaure shi da tsumma. A asibiti za a ɗiga rini a ga girman gyambon, wataƙila a kankari kaɗan a gwada, a ba da maganin da da farko ake ɗigawa kowace awa, har da dare. Idan babban asibitin da ke kusa da ku ba shi da sashen ido, ku nemi takardar turawa zuwa Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko asibitin ido na ECWA a Kano. Yaran gida kuma a tabbatar sun samu allurar ƙyanda a wata tara, da ƙwayar bitamin A duk wata shida har su cika shekara biyar. Allah ya ba Baba lafiya.