Makirufon shifta da kwamfutar cikin kwamfuta

Bashiru, ka tambaye ni dalilin da ya sa uwar kwamfuta, wato ta zahiri, take jin makirufon shifta na mutumin da ya kawo aiki, amma baƙuwar kwamfutar da ka gina a cikin VirtualBox, manhajar da ake gina wata kwamfuta a cikin kwamfuta da ita, ba ta ganinsa. Ba zan tsaya koya maka sauya rami ko duba waya ba, domin wanda bai san wannan ba bai kamata ya riƙe sukundireba a shagona ba.

Hanya biyu ce murya take shiga baƙuwar kwamfuta. Ta farko ita ce uwar ta riƙe makirufon ta riƙa miƙa mata sauti, kuma wannan yana buƙatar ka kunna shigar da sauti a saitin VirtualBox, wanda a kashe yake zuwa. Ta biyu ita ce a ƙwace na'urar gaba ɗaya daga uwar ta hanyar USB a damƙa wa baƙuwar. Makirufo irin Philips SpeechMike ta biyun yake so, saboda maɓallansa na ɗauka da tsayawa ba sa bin hanyar sauti. Ku yaran yanzu da kun ga allurar sauti tana motsi sai ku rufe kwamfuta ku koma kan wayoyinku, ba ku taɓa maɓalli ko ɗaya ba.

Wannan aikin ne ya haɗa ni da wani lauya a nan Gusau, kuma har yau idan na tuna raina yana ɓaci. Yana da tsohuwar manhajar Dragon, mai mayar da magana rubutu, da yake yi wa shiftar takardunsa na Turanci a kan Windows 7, sai ya sayi sabuwar kwamfuta ya ce lallai sai tsohon tsarinsa ya ci gaba da aiki a cikinta. Na gina masa baƙuwar, na ɗaure makirufon da lambobin shaidarsa yadda duk lokacin da aka soka shi zai wuce can kai tsaye, ya zauna a gabana ya yi shiftar wasiƙa guda, ya yaba, ya ce kuɗina sai ranar Juma'a. Kafin Juma'ar, magatakardansa ya sabunta VirtualBox ya bar ƙarin kunshin Oracle, kamfanin da ke yin VirtualBox, a kan tsohon zubi, alhali a wancan lokacin sai da kunshin nan, mai lamba daidai da ta manhajar, ake samun USB 2.0. Baƙuwar ta ƙi tashi, magatakardan kuwa ya kashe USB ɗin ɗungurungum don ta tashi. Lauyan ya zo yana ɗaga murya a gaban abokan cinikina, wai na ƙona masa na'urar da aka kawo masa daga Ingila, har da barazanar kotu. A gabansa na sauko da kunshin da ya dace, da datata da man janaretana, makirufo ya dawo, magatakarda ya sunkuyar da kai. Duk da haka mutumin ya ce aikin da yaro zai iya lalatawa ba aiki ba ne, ya ba ni rabin kuɗina ya shiga motarsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Allah ya isa.

Kai ka yi sa'a, domin daga zubi na 7.0 da ya fito a 2022 an shigar da USB 2.0 da 3.0 cikin manhajar kanta. Amma ka duba lambar zubin da ke gabanka tukuna, tunda yawancin masu kawo mana aiki tsoho suke amfani da shi. Idan baƙuwar Windows 7 ce, ka zaɓi USB 2.0, saboda ba ta zo da direban 3.0 ba. Idan Windows 10 ce, ka shiga saitin sirri ka buɗe izinin makirufo, wanda tun sabuntawar 2018 yake iya toshe manhajoji ba tare da ya ce uffan ba. Idan kuma uwar Linux ce, ka sa sunan mai amfani cikin rukunin vboxusers, ka fita ka sake shiga, in ba haka ba jerin na'urorin USB fanko zai fito maka. Ka tashi baƙuwar ta gama hawa kafin ka soka makirufon, sannan ka kira ni in gwada maɓallan da kaina kafin mai shi ya zo bayan La'asar.