Tambayoyin Masu Karatu: Yaya Iyalai Ke Kasancewa Bayan Sun Daina Karɓar Tallafin Kuɗi na Gwamnati?

Tambaya: Assalamu alaikum. Sau da yawa nakan ji shugabanni suna alfahari da cewa yawan masu karɓar tallafin kuɗi na gwamnati ya ragu. Shin hakan yana nufin waɗannan iyalai sun fita daga talauci ne, ko kuwa sunayensu kawai aka cire daga rajista? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumussalam, Malama. Ƙasar da aka fi bin diddigin wannan batu a cikinta ita ce Amurka, don haka da ita za mu fara. A watan Agustan 1996 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a kan dokar da ta soke tsohon tsarin tallafi, ta kafa wani sabo mai suna TANF, wanda ya gindaya wa masu karɓa sharaɗin neman aiki, ya kuma ƙayyade cewa baligi ba zai ci moriyar wannan tallafi daga kuɗin gwamnatin tarayya fiye da watanni 60 a tsawon rayuwarsa ba. Iyalan da ke karɓar tallafi, waɗanda suka kai kusan miliyan 5 a shekarar 1994, sun ragu da fiye da rabi kafin ƙarshen shekarar 2000.

Binciken da jihohi suka gudanar a kan waɗanda suka fita ya nuna cewa kusan uku cikin biyar sun sami aiki jim kaɗan bayan fitarsu, kuma mafi yawansu iyaye mata ne da ke riƙe da 'ya'ya su kaɗai. Wannan ci gaba ne da ba za a raina ba. Sai dai ayyukan galibi na ƙaramin albashi ne, kamar jiran kanti, shara da kula da tsofaffi, waɗanda ba su da hutun rashin lafiya kuma lokutansu na sauyawa mako-mako. Uwar da aka sa wa aikin dare, idan yaronta ya kwana da zazzaɓi kuma ba ta da mai riƙe mata shi, dole ta zaɓi tsakanin barin yaron da rasa aikin, kuma fashin kwana biyu ya isa a sallame ta. Irin wannan ne ya sa da dama suka sake komawa neman tallafi cikin shekara ɗaya ko biyu. Wasu kuma sun rasa tallafin abinci da inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, wato Medicaid, alhali sun cancanta, don kawai sun zaci rufe musu tallafin kuɗi ya rufe komai.

Waɗanda suka fi tayar mana da hankali su ne iyalan da suka fita ba aiki ba tallafi, ko dai saboda wa'adinsu ya cika ko kuma an hukunta su bisa saɓa wani sharaɗi. A cikinsu akwai masu fama da ciwo mai tsawo da masu ƙarancin ilimi, kuma suna rayuwa ne da taimakon dangi da ƙungiyoyin jinƙai. Ya kamata a tuna kuma cewa waccan nasara ta samun aiki ta zo ne a daidai lokacin da tattalin arziƙin Amurka ke bunƙasa, rashin aikin yi ya sauka zuwa kusan kashi 4 cikin 100 a 2000, sannan an faɗaɗa rangwamen haraji ga ma'aikata masu ƙaramin ƙarfi tun 1993.

A ganinmu, yadda aka fitar da iyali shi ne abin dubawa. Misali, BRAC, wata ƙungiyar yaƙi da talauci mai zaman kanta a Bangaladash, ta fara wani tsari a 2002, inda ake ba gida jari kamar dabbobin kiwo, tare da horo, ɗan kuɗin abinci, koyar da ajiya da ziyarar jami'i a kai a kai na kimanin shekara biyu kafin a yaye shi. Wani bincike da aka wallafa a 2015 a kan irin wannan tsari a ƙasashe 6, ciki har da Habasha, Ghana, Indiya da Pakistan, ya gano cewa a yawancinsu iyalan sun ci gaba da samun ƙarin abinci da dukiya shekara guda bayan an daina taimaka musu.